Tarihin Aikin Yanar Ido da Likitocin da Suka Share Fagensa, Daga Misira Zuwa Sabon Garin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bi ta wajen tashar jirgin ƙasa ta Kano, ya ratsa Fagge ya nufi kasuwar Sabon Gari, da wuya ya kai inda za shi bai ci karo da makaho da ɗan jagoransa ba. Ganin ya zame mana jiki, har ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu ba, shin makantar wannan bawan Allah mai magani ce ko marar magani? Tambayar kuwa ta cancanci a yi ta. Wani babban bincike da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya daga shekarar 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40 ko suka wuce, wajen mutum 4 cikin kowane 100 makafi ne, watau fiye da mutum miliyan ɗaya ke nan. Binciken ya ƙara nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na wannan makanta yanar ido ce ta haddasa ta. Ita kuwa yanar ido, aikin da bai kai rabin sa'a ba yana kawar da ita.

A wannan ɗan bayani zan yi ƙoƙarin bin sawun wannan aiki, tun daga masu kwantar da yana na gargajiya, zuwa likitocin da suka yi ta gyara shi a ƙasashe daban-daban, har ranar da ya sauka a Kano. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, gwanintar hannun likita ita kaɗai ba ta taɓa buɗe idon jama'a ba. Sai da aka yi maganin zafi, aka yi maganin ruɓar rauni, aka sami hanyar da majinyaci zai bi ya iso ga likita, sa'an nan aka sami yardarsa. Uku na farko an ci ƙarfinsu. Na huɗun ne har yanzu da sauran aiki.

Mece ce yanar ido?

Bahaushe ya daɗe da sanin cututtukan ido, ya kuma raɗa musu sunaye. Akwai dundumi, watau rashin gani da dare. Akwai hakiya, farin tabon nan da kan fito a kan baƙin ido. Akwai amosanin ido, wanda in ya tsananta yakan lanƙwasa gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar har ta dushe. Sa'an nan akwai yana. Sunan da kansa ya nuna yadda magabatanmu suka fahimci cutar, domin sun ɗauke ta tamkar yanar da kan kwanta a kan kunu ko madara in sun huce. Larabawa kuma suka ɗauka wani ruwa ne ke saukowa ya tsaya a gaban gani, don haka suka kira ta da sunan saukar ruwa.

Gaskiyar al'amari ita ce, babu wata fata da ke rufe idon, babu kuma ruwan da ke saukowa. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan abu garai-garai, bai wuce girman ƙwayar wake ba, wanda za mu iya kira madubin ido. Aikinsa shi ne tattara haske ya aika da shi can bangon ido na ciki, inda jijiyar gani take karɓa ta kai wa ƙwaƙwalwa. Yayin da shekaru suka ja, ko aka sami rauni, ko ciwon sukari, sai wannan madubi ya fara gurɓacewa, ya yi hazo, daga bisani ya yi fari fat. Mai cutar yakan bambance dare da rana, amma ba ya gane fuskar ɗansa. Sauran sassan idon kuwa galibi lafiyarsu lau. Ashe ke nan maganin a fili yake: a kawar da madubin da ya lalace daga hanyar haske. Yadda za a kawar da shi ba tare da an kashe idon ba, shi ne abin da ya ci wa masana shekaru aru-aru.

Masu kwantar da yana

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da masu aiki da ƙarfe a jikin mutum. Wanzami yana kaciya, yana ƙaho, yana sakiya, yana cire belun wuya. Maɗori yana ɗora karaya. A cikin irin waɗannan masu sana'a akwai masu kwantar da yana, waɗanda kan yi yawo gari-gari da kayan aikinsu. Yadda suke yi shi ne, su soka wani tsinke ko allura ta gefen farin ido, su tura madubin da ya yi fari ya faɗa can ƙasan ido, ya kauce daga gaban gani. Nan take sai haske ya shiga, mutumin da ya shekara biyar a duhu ya ce ga hannu, ga ƙofa, ga mutane. Wanda ya ga haka da idonsa, wa zai gaya masa cewa aikin ba shi da kyau?

Kada mai karatu ya zaci wannan dabara ta Hausawa ce su kaɗai. Tsofaffin littattafan likitancin Indiya sun bayyana ta, Rumawa sun yi ta, Larabawa sun yi ta, Turawa ma da ita suka dogara har cikin ƙarni na 18. Illarta ita ce ba ta bayyana sai mai aikin ya karɓi ladansa ya yi gaba. Madubin da aka tura yana nan cikin ido, yakan fashe ya jawo kumburi, ko ya toshe magudanar ruwan ido, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani har ta mutu. Tsinken da ba a tsabtace ba kuma yakan shigar da ƙwayoyin cuta. Wanda ya tsira daga duk waɗannan ma, tun da idonsa ba shi da madubi, ba zai gani sosai ba sai da tabarau mai kauri ƙwarai.

Yawan makanta a Kano ba sabon abu ba ne. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, ya ba da labarin cewa ya tarar da unguwa guda ta makafi a cikin birni. Abokin tafiyarsa, wani likita mai suna Walter Oudney, bai sami ganin Kano ba, don ya rasu a kusa da Katagum 'yan kwanaki kafin isowarsu. A wannan zamani kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magunguna, ciki har da na ciwon ido. Wannan ya isa shaida cewa malamanmu ba su ɗauki makanta a matsayin abin da za a naɗe hannu a zuba wa ido ba.

Likitocin da suka sauya aikin

Mutum na farko da ya kamata a ambata shi ne Ammar ɗan Ali, mutumin Mausil ta ƙasar Iraƙi, wanda ya yi aiki a Misira wajen shekara ta 1000 Miladiyya. Shi ne ya yi tunanin cewa maimakon a tura yana ciki, gara a fito da ita waje. Sai ya ƙera wata allura ta ƙarfe mai rami a ciki, ya riƙa zuƙo yanar da ba ta yi tauri ba. A zamaninsa ne kuma Abul Ƙasim Azzaharawi na Ƙurɗuba, a ƙasar Andalus, ya wallafa babban littafinsa mai juzu'i 30, wanda na ƙarshensa ya ƙunshi aikin fiɗa da zanen kayan aiki wajen 200. An fassara wannan juzu'i zuwa Latin, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. Amma dabarar Ammar ba ta yaɗu ba, saboda yanar tsofaffi tauri gare ta, ba ta zuƙuwa.

Sai bayan shekara ɗari bakwai wani likitan Faransa, Jacques Daviel, ya ɗauki hanyar da ta ɗore. Shi ma da kwantarwa ya fara, amma a wajen 1747 ya koma tsaga gefen baƙin ido yana fito da madubin gaba ɗaya. A 1752 ya gabatar wa majalisar likitocin fiɗa ta birnin Faris sakamakon aiki 206, waɗanda 182 daga cikinsu suka yi nasara. Daga nan aikin cire yana ya fara ture na kwantarwa a Turai.

Duk da haka, akwai manyan matsaloli biyu. Ta farko zafi. A tuna fa, duk wannan aiki ana yinsa ne mutum yana farke, ƙarti sun danne shi, in ya motsa kaɗan ido ya tafi. A ranar 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, William Morton ya nuna wa taron likitoci cewa in aka shaƙa wa mutum wani ruwa mai suna ita, zai yi barci a yanka shi bai sani ba. Wannan ya taimaki masu fiɗa baki ɗaya, amma bai gamsar da likitocin ido ba, domin majinyaci kan farka da amai, yunƙurin aman kuwa yakan buɗe raunin idon. Wani saurayin likita a birnin Biyana, Karl Koller, shi ya warware wannan a 1884, da ya gano cewa ɗigon ruwan koken, abin nan da a yau aka fi sani da hodar iblis, yana kashe zafin ido ɗungum alhali mutum yana farke. Daga baya aka sami wasu magunguna marasa haɗarinsa suka maye gurbinsa.

Matsala ta biyu ita ce ruɓar rauni. Likitocin da ba su san cewa hannunsu da wuƙarsu ne ke ɗauke da ajalin majinyaci ba. Joseph Lister, wanda ke aiki a Glasgow, ya karanta binciken Louis Pasteur a kan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, sai ya fara wanke rauni da kayan aiki da ruwan kabolik, ya kuma bayyana sakamakonsa a 1867. Yawan mace-mace bayan fiɗa ya ragu ƙwarai. Ashe babban bambancin da ke tsakanin tsinken mai kwantar da yana da wuƙar likita ba kaifi ba ne, tsabta ce da sanin abin da ke cikin ido.

Saura abu guda. Wanda aka cire wa madubi dole ya rayu da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, in ya fashe ko ya ɓata, ya koma gidan jiya. Harold Ridley, likitan ido na Ingila, shi ya kawo ƙarshen wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an turo shi ƙasar da a yau ake kira Gana, inda ya je arewacinta ya yi nazarin makantar nan da ƙudan bakin kogi ke haddasawa. Ya kuma lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai ƙi robar ba. Sai ya sa aka ƙera madubi da irin wannan roba, ya dasa wa wata mata a asibitin St Thomas na London a watan Nuwamba na 1949. Abokan aikinsa da yawa suka yi masa ca, suka ce ganganci ne. Sai da aka yi shekaru wajen talatin kafin duniya ta rungumi dabararsa, ba a kuma ba shi lambar girma ta sarautar Ingila ba sai a shekarar 2000, saura shekara guda ya rasu.

Yadda aikin ya iso Kano

Ilimi yana can Turai, makafi suna nan Kano, me zai haɗa su? A shekarar 1900 wata ƙungiyar 'yan mishan ƙarƙashin Bishop Tugwell ta iso Kano bayan tafiyar watanni daga Ikko, a cikinsu har da wani likita, Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su da su bar garin. Miller ya koma ya zauna a Zariya daga baya. Abin lura a nan shi ne, tun ran farko likitancin Turawa ya zo wa mutanen Kano a haɗe da abubuwa biyu da suke tsoro, watau mulkin baƙi da addinin baƙi. Wannan zargi ya daɗe yana bin asibiti.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, likitocin da suka zo na gwamnati ne, aikinsu kuwa duba Turawa da sojoji da ma'aikata. Abin da ya sauya fuskar garin shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga jama'a a 1912. Tafiyar da ake yi a watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni suka kafa kantuna a kewayen tasha. Fagge, wadda da ma can zangon fatake ce, ta cika ta batse. A wajen 1913 aka yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu. Har tsarin unguwannin ma da hannun likitoci a ciki, don dokar birane ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi.

Jirgin bai ɗauko alheri kaɗai ba. Annobar murar nan ta 1918 ta sauka a Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar dogo zuwa arewa cikin 'yan makonni, aka kuma ƙiyasta ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya. Amma hanyar da ta kawo cuta ita ta kawo magani. Ta nan likitoci da nas-nas da akwatunan kayan aiki suka riƙa sauka. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta buɗe asibitin birni, wanda a yau ake kira Asibitin Murtala. A 1932 aka buɗe makarantar koyon tsabta. Hanyar jirgi kuma ta miƙa zuwa Ƙauran Namoda a 1929, zuwa Nguru a 1930, ta yadda mutumin ƙauye mai nisa zai iya shiga jirgi ya sauka a tsakiyar Kano. Harshenmu ma ya adana tarihin wannan zamani, domin kalmomin asibiti da likita da tiyata duk daga bakin Turawa muka aro su muka gyara musu zama, alhali allura tun da can muka aro ta daga Larabawa.

Gwamnatin mulkin mallaka galibi ba ta yarda 'yan mishan su zauna cikin biranen sarakunan Musulmi ba. Don haka da aka sassauta musu a shekarun 1930, a waje suka sami wuri. Ƙungiyar S.I.M. ta karɓi aikin kula da kutare a lardin Kano a 1937. A 1943 kuma wani likitan ido daga Amurka, Douglas Hursh, ya buɗe asibitin ido na wannan ƙungiya a gefen Sabon Gari, ba nisa da tasha. Dokar da ta hana su shiga birni sai ta ajiye su a daidai inda matafiya ke sauka. Sunan asibitin ya bazu har ƙetaren Nijeriya, mutane suka riƙa zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. A 1976 S.I.M. ta miƙa ayyukanta ga ikilisiyar ECWA, wadda asibitin ke amsa sunanta. Babu wata shela da ta jawo jama'a kamar tsohon da ya tafi da ɗan jagora ya komo gida da ƙafarsa. Gani ya kori ji.

'Yan ƙasa sun karɓi wuƙa

Muddin likita baƙo ne, yarda ba ta cika. Likita na farko ɗan Arewa shi ne Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya tashi a hannun mishan ɗin Zariya, ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham, ya kama aikin gwamnati a 1940. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya rasu a 1977, asibitin koyarwa na jihar Kaduna kuma sunansa yake ɗauke da shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci a 1967, aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, aka kuma gina Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A nan Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose ta jagoranci binciken da ya tabbatar cewa ƙwayar maganin ibamektin tana kare jijiyar gani daga makantar bakin kogi, cutar nan da Ridley ya yi nazari fiye da shekaru arba'in kafin nan. A yau likitan da zai cire wa tsohuwa yana a Kano, sau da yawa jikan maƙwabcinta ne, da Hausa zai gaishe ta. Zai kashe zafin idon da allura ko ɗigo, ya yi 'yar tsaga, ya fito da madubin da ya lalace, ya sa na roba, kashegari a buɗe bandeji.

To, tun da haka ne, sai mutum ya zaci kwantar da yana ta zama tarihi. Binciken nan na 2005 zuwa 2007 ya nuna akasin haka. A cikin idanun da aka tarar an yi musu wani aiki saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 kwantarwa aka yi musu, abin ya fi yawa a arewa, kuma kusan uku cikin kowane huɗu na waɗannan idanu a makance aka same su. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai kwantarwa yana zuwa har ƙofar gida, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, ko akuya ko hatsi, ba ya bukatar kati ko layi. Asibiti kuwa sai an yi kuɗin mota na mutum biyu, an bar gona, an kwana a garin da ba a san kowa ba. Ga kuma tsoron da ake gadon sa, wai likita zai ƙwaƙule ido ya wanke ya mayar, abin da ba a taɓa yi ba, ba kuma zai yiwu ba.

Kammalawa

Mun ga yadda aikin yanar ido ya taso daga tsinken mai kwantarwa, ya bi ta hannun Ammar da Daviel da Koller da Lister da Ridley, ya hau jirgin ƙasa ya sauka a Kano, har ya shiga hannun 'ya'yanmu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane matsala guda ya tarar ya warware, ya bar saura ga na baya. Wadda aka bar wa zamaninmu ita ce ta isar da labari da samun yarda, ita kuwa ba a ɗakin tiyata ake warware ta ba. Da harshe ake yi, kuma a nan ne mu ɗaliban Hausa muke da rabo a cikin aikin. Muddin muna ce wa cutar yana ba tare da ƙarin bayani ba, mai sauraro zai ci gaba da zaton abu ne da za a yaye da tsinke ko a wanke da tsimi. Wajibi ne mu zauna da likitoci mu daidaita kalmomin sassan ido da na cututtukansa, mu rubuta su a boko da ajami, mu kai su gidajen rediyo da makarantun allo da zaurukan masu unguwanni. Kafin nan kuma, duk wanda ke da tsoho a gida da idonsa ya yi fari, amma yana bambance hasken fitila da duhu, to ya kai shi a duba tun mai tsinke bai riga shi ba, domin idon da aka kwantar wa yana ya lalace, sau da yawa likita ma ba ya iya ceto shi. Allah ya ba mu lafiya, ya kuma kiyaye mana ganinmu, amin.